Zubi na Nawa Ce? Sharhi Kan Canza Laftof da Gudun Masu Ƙera Furosesa

Ɗiyar yayata ce ta kira ni ran wata Asabar, saura mako biyu ta koma jami'a. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Kawu, don Allah in sayi laftof ɗin nan yanzu, ko in ɗan jira? Na ga ana cewa sabuwa za ta fito bayan salla." Na ce mata daga yau har ta ga jikokinta, duk ranar da ta leƙa intanet za ta tarar ana cewa sabuwa na nan tafe, kuma masu faɗa ba ƙarya suke yi ba. Ta yi dariya, amma ba ta janye tambayar ba. Ni ma na san ban amsa mata ba tukuna.

Tambayar tata a haɗe take da wata wadda ba ta yi ba. Mai saye yana son sanin ranar da ya kamata ya ajiye tsohuwar kwamfutarsa. Su kuwa masu ƙera furosesa, wato ɗan guntun nan da ke yi wa kwamfuta lissafi, sun ɗora wa kansu fitar da sabo kusan duk shekara. Shin abin da suke fitarwa ɗin sabo ne da gaske, ko dai sau da yawa tuwo ake canza wa suna? Wanda bai warware wannan ba zai yi ta kallon kalandar kamfani yana zaton tasa ce.

A cikin furosesa akwai ƙananan makunnai da ake kira taransista. Furosesan farko da Intel ya fitar kasuwa a 1971, mai lamba 4004, guda 2,300 ne a cikinsa. Wanda Apple ya sa wa suna M1 a 2020 yana ɗauke da biliyan 16. Tun 1965 Gordon Moore, wanda daga baya aka kafa Intel da shi, ya lura yawan nan yana ninkawa duk shekara, sannan a 1975 ya gyara maganarsa zuwa duk shekara biyu. Hasashe ne ya yi, amma masana'antar ta mayar da shi jadawalin aiki. Abin da ya sa jadawalin ya yi daɗi shi ne wani abu da Robert Dennard na kamfanin IBM ya bayyana a 1974: idan aka rage girman taransista, wutar da yake ci ma tana raguwa. Ka ga kenan ana samun ƙarin sauri ba tare da ƙarin zafi ba. Shekaru kusan talatin ana cin wannan gajiyar. Wanda ya sayi kwamfuta a 1996 ya taɓa ta 1999 ba ya buƙatar a yi masa bayani, hannunsa ma zai gaya masa bambancin.

Wajajen 2005 wannan garaɓasar ta ƙare. Taransista ya yi ƙanƙantar da wuta ke yoyo ta jikinsa, zafi ya zama shinge. Pentium 4 ya kai gigahaz 3.8 a 2004, nan ya ja birki, Intel ya soke wanda aka shirya zai gaje shi. Daga nan aka sauya dabara: maimakon ma'aikaci ɗaya mai ɗan karen gudu, sai a zuba biyu ko huɗu a guntu ɗaya su raba aikin. Su ne zan riƙa kira cibiyoyi.

Intel ya fito da wani tsari da ya kira tik-tok, daga ƙarar agogo, ba dai TikTok ɗin da ke cinye wa yaranmu data ba. Bana a rage girman bulo, wato taransista, baɗi a sake zanen gidan, haka bi da bi. Sandy Bridge na 2011 sabon zane ne. Ivy Bridge na 2012 shi ne dai, aka matse shi zuwa nanomita 22. Haswell na 2013 sabon zane ne kuma, shi ne ya sa Apple ya ɗaga alƙawarin batirin MacBook Air mai inci 13 daga awa 7 zuwa 12. Broadwell ya sauko nanomita 14 a 2014, Skylake ya biyo baya a 2015. A wancan zamani in an ce maka sabon zubi ya fito, ka san ɗaya daga cikin abubuwa biyu ya canza.

Sai ƙafar agogon ta maƙale. Saukowa zuwa nanomita 10 ya gagari Intel na tsawon shekaru, har a 2016 kamfanin ya sanar cewa ya bar tsarin taki biyu ya koma uku. Amma sunaye ba su maƙale ba. Aka yi Kaby Lake, aka yi Coffee Lake, aka yi Whiskey Lake, aka yi Comet Lake, duk a kan nanomita 14, duk kuma zanen cibiyarsu na Skylake ne aka yi ta yi wa kwaskwarima. Tafkin gahawa, tafkin giya, tafkin tauraro mai wutsiya, ruwan dai ɗaya ne. A zubi na goma ma sai da aka haɗa iri biyu a ƙarƙashin tuta ɗaya: i5-1035G1 sabon zane ne a nanomita 10, i5-10210U kuwa tsohon ne. Ɗalibar da ta shiga shago da kuɗin da mahaifinta ya yi wata shida yana tarawa, ta ina za ta gane wannan?

Kada a ce na tsangwami Intel shi kaɗai. AMD ya fi shi iya wannan wasa. A jerin Ryzen 7000 na laftof da ya baza a 2023 akwai masu zanen Zen 4, sabo fil, akwai Zen 3, akwai kuma Zen 2 wanda tun 2019 yake kasuwa. Ryzen 5 7520U, duk da lambar dubu bakwai da ke goshinsa, Zen 2 ne. Lambar farko shekarar sayarwa take nunawa, ta uku ce ke faɗin ainihin zanen, kuma ba kowane mai shago ne ya san haka ba, balle mai saye. A ɓangaren kwamfutar tebur, zubi na 14 da Intel ya fitar a Oktoban 2023 kusan na 13 ne aka ɗan ƙara wa gudu. Hujjar da ta fi kowace ƙarfi ta zo a 2024, lokacin da kamfanin ya amsa cewa wasu daga cikinsu na jan wuta fiye da ƙima har suna lalacewa. Cutar ta kama na 13 da na 14 tare, don jininsu ɗaya, dole ta sa aka ƙara wa masu su shekara biyu a kan garanti.

To amma a tsakiyar wannan canza suna akan yi tsalle na gaske, kuma shi ne abin da mai saye ya kamata ya iya ganewa. Mafi amfani gare mu shi ne na 2017. A farkon shekarar AMD ya fito da Ryzen, ya tashi Intel daga barci. Kafin ƙarshenta, furosesan laftof sirara, masu harafin U a wutsiya, sun tashi daga cibiya biyu zuwa huɗu. Wato i5-7200U biyu gare shi, i5-8250U huɗu. Har i7-7500U, duk da girman sunansa, biyu ne.

Na ga amfanin sanin wannan da idona ranar da na raka yarinyar nan wani shago a Kano. Mai shagon, saurayi mai fara'a, ya zaro wata laftof daga leda, ya goge mata fuska da gefen rigarsa, ya nuna ɗan tambarin da ke kusa da madannai. "Yallaɓai, i7 ce fa. Wannan dodo ce." Na ce ya kunna mu ga lambar. Ta nuna zubi na bakwai. Na tambayi wata da ke can ƙasan kanta, murfinta duk ƙarce. Ya yamutsa fuska ya ce ai i5 ce kawai, ba ta kai wannan ba. Da aka kunna, sai ga zubi na takwas. Ba cuta ta ya yi niyya ba, shi ma abin da tambari ya gaya masa ya gaya min. Sai dai a aikin da ke buƙatar cibiyoyi da yawa, ƙaramar da ya raina ta fi dodon tasa nesa, kuma kuɗinta bai kai ba.

Tsalle na biyu shi ne na Nuwamban 2020, lokacin da Apple ya yi sallama da Intel ya fito da M1. MacBook Air ta zo ba fanka a cikinta sam, ba ta ƙara, kuma batirinta na kai mutum dare. Tun daga nan an yi M2 a Yunin 2022, M3 a Oktoban 2023, M4 a Mayun 2024, M5 a Oktoban 2025. Dubi tazarar: wata 19, wata 16, sannan wata 7 kacal, sannan 17. Kowanne ya fi na bayansa, ba musu. Amma wanda aikinsa rubutu ne da bincike da kallon darasi, in yana riƙe da M1, da ƙyar ya ji wani abu ya canza in an miƙa masa M3. Apple da kansa bai daina sayar da Air mai M1 ba sai a Maris ɗin 2024, wanda hannunka mai sanda ne ga mai lura.

Me ya sa to kamfanonin suka nace wa shekara-shekara? Dalilin farko ba na injiniya ba ne, na kasuwa ne. Duk watan Janairu ana baje kolin CES a Las Vegas, tsakiyar shekara kuma Computex a Taipei, sannan ga lokacin komawa makaranta a Amurka da Turai, ga cinikin ƙarshen shekara. HP da Dell da Lenovo da Asus ba sa ƙera furosesa, amma kowannensu yana son ya tsaya a gaban jama'a da abin da zai kira na bana. Dabarar ma ba tasu ba ce. Alfred Sloan na kamfanin motoci na General Motors ne ya shahara da ita tun shekarun 1920: a sauya wa mota fasali duk shekara don ta bara ta zama tsohuwar yayi a idon mai ita, ko da injinta lafiya lau.

Dalili na biyu ya fi nauyi, kuma ina ganin adalci ne a faɗe shi. Masana'antar ƙera waɗannan guntaye tana cin kuɗin da hankali ba ya ɗauka. Injin da ke zana su da hasken da ake kira EUV, kamfani ɗaya ne tak ke yin sa a duniya, ASML na ƙasar Holan, kuma guda ɗaya ya haura dala miliyan 150. Masana'antu biyun da Intel ya sanar a 2022 zai gina a jihar Ohio an yi musu ƙiyasin dala biliyan 20. Wanda ya zuba irin wannan dukiya ba zai bar injuna su kwana ba aiki ba. Ga kuma kishiya: in ka ce za ka huta shekara biyu, AMD ko Qualcomm ko Apple ba su yi maka alƙawarin hutawa ba. Ƙananan gyare-gyaren ma ba banza ba ne. Ƙarin kaɗan bana, kaɗan baɗi, sabon Wi-Fi, iya kunna bidiyo ba tare da cinye batir ba, in suka taru shekara huɗu sai su zama abu. Kuma duk fitowar sabo tana karya farashin na bara, wanda mu ne muka fi kowa cin moriyarsa.

Don haka ni ba na cikin masu cewa a ɗaure kamfanoni da igiya, a ce sai bayan shekara uku. Abin da nake gani shi ne, sabon zane na gaske ba ya nuna cikin wata goma sha biyu, kusan shekara biyu yake ɗauka ko fiye, kuma tarihin Intel da AMD duka ya shaida haka. Su fitar da kwaskwarima duk lokacin da suka ga dama, amma lambar zubi ta tsaya inda take har sai zane ko girman taransista ya canza. Masu manhajar Ubuntu sun nuna ana iya tafiya biyu a lokaci ɗaya: suna fitar da sabo duk wata shida ga masu son gwaji, sannan duk shekara biyu a watan Afrilu su fitar da wanda suka yi alƙawarin kula da shi shekara biyar, kowa kuma ya san wanne ne wanne. Wannan gaskiyar sunan ita ce ta yi ƙaranci a kasuwar furosesa, ba hutu ba.

Jira ma yana da nasa tarihin. A 1983 kamfanin Osborne, wanda ya yi suna da kwamfutar ɗauka-da-hannu mai nauyin kusan kilo 11, ya yi ta tallar sababbin samfura tun ba su gama nuna ba. Kafin shekarar ta fita ya durƙushe, har yau kuma ana kiran irin wannan kuskure da sunansa. Kamfanoni sun koyi darasi, shi ya sa ba sa gaya maka gaskiyar abin da ke tafe sai sun sayar da na hannu. Waɗanda suka yi rububin Core Ultra na farko a Disambar 2023, da aka tallata a matsayin kwamfutar ƙirƙirarriyar basira, sun ɗanɗana. A Mayun 2024 Microsoft ya gindaya sharaɗin Copilot+, cewa sai sashen basirar ya iya lissafi tiriliyan 40 a daƙiƙa. Nasu bai kai ko rabi ba. Wata biyar da saye aka bar su a tasha. Wanda ya jira kuma, da ya samu wannan sai a ce masa ga wani na zuwa. Jiran gawon shanu kenan.

Abin da na fi so mai karatu ya riƙe shi ne, ba kasafai furosesa ke kashe laftof ba. A ƙasarmu ƙura da zafi da wutar NEPA ne ke fara kai mata hari. Ka sa mai gyara ya buɗe maka bayan wadda ta sha hunturu uku a Kano ko Zinder, ka leƙa tsakanin fanka da ƴan siraran ƙarafan da iska ke bi ta fita. Za ka ga ƙura ta dunƙule ta zama kamar audugar katifa, har sai an sa tsinke an zaro ta. Man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya shi ya bushe ya zama kamar alli. Furosesan da ya ji zafi da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone, sai mai ita ya ce ta tsufa, alhali numfashi ne ya gagare ta. A share, a shafa sabon mai, a cire tsohon faifan ajiya mai juyawa a sa SSD, a ƙara RAM daga 4 zuwa 8 ko 16, a canza batir. Na sha ganin wadda aka fidda rai da ita ta miƙe da wannan, da kuɗin da bai kai kashi ɗaya cikin biyar na sabuwa ba. Wannan ƙofar ce ma kamfanoni ke ta rufewa, kuma ita ta fi damuna a kan yawan sunaye. A yawancin laftof sirara na yanzu RAM a manne yake da dalma a jikin bod. A na Apple masu M, da Lunar Lake na Intel, a haɗe yake da furosesan kansa. Abin da ka saya ran farko, da shi za ku rabu. Kamfanin Framework, da ya fara sayarwa a 2021, ya nuna ana iya ƙera laftof da mai ita zai canza mata hatta bod da sukundireba ɗaya, amma har yanzu ƙaramin ɗan kasuwa ne a gaban manya.

Sai kuma hukuncin manhaja, wanda ba ya jin roƙo. Windows 11 ta fito a Oktoban 2021 da sharaɗin sashen tsaro na TPM 2.0, kuma a ɓangaren Intel kusan duk abin da ke ƙasa da zubi na takwas an rufe masa ƙofa. Ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya daina kula da Windows 10, sai ɗan ƙarin wa'adin shekara guda ga wanda ya yi rajista. Kwamfutar ba ta mutu a ranar ba, tana kunnuwa, tana aiki. Abin da ta rasa shi ne facin tsaro, kuma wanda ke shiga asusun bankinsa da ita ya kamata ya damu. Masu gyara sun san hanyar cusa Windows 11 a kan tsofaffi ta bayan gida, amma ba tabbas sabuntawa za ta ci gaba da zuwa lami lafiya. Wanda aikinsa bai dogara da wata manhajar Windows ba yana iya ɗora Linux Mint ya ƙara wa tsohuwarsa shekaru.

Nan ne maganar ta iso ƙofar gidanmu. Mafi yawan laftof da ke hannun ɗalibai da ƴan kasuwa a Arewa ba sababbi ba ne. Ofisoshin Turai da Amurka kan sauya nasu bayan shekara uku zuwa biyar, sai ThinkPad da Latitude da EliteBook su biyo jirgi su sauka Computer Village a Ikeja, daga can su hauro Banex a Abuja da shagunan Kano. Gaggawar da nake kushewa ita ce ke cika mana kanta, wannan ba zan ɓoye ba. Kuma tun da dala ta tashi daga wajen naira 460 a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024, sabuwa a kwali ta zama ta masu hali. Amma jirgin da ke kawo alheri shi ke kawo shara. Injunan zubi na shida da na bakwai da Windows 11 ta ƙi, ina kake zaton za a nufa da su? Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na tarkacen lantarki, kuma bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba aka tattara aka sarrafa yadda ya dace. Rahotannin da Apple da Dell ke fitarwa da kansu sun nuna mafi yawan hayaƙin da laftof ke jawo wa duniya a wajen ƙera ta ne, ba a wajen amfani da ita ba. EliteBook 840 G3 mai kyalli da arha, zubi na shida ce. Mai saye ya san abin da yake ɗauka.

Ga mai gyaran bidiyo, ko mai zanen gine-gine, ko mai haɗa manhaja, wanda kowane minti na jiran kwamfuta kuɗi ne, canji bayan shekara uku ko huɗu yana biyan kuɗin sabulu. Ga sauran jama'a shekara biyar zuwa bakwai ba abin kunya ba ne, muddin akwai facin tsaro kuma aiki na tafiya. Alamun da ni nake dubawa su ne: an share, an ƙara RAM, an sa SSD, amma har yanzu aikinka na yau da kullum yana tsayawa, ko manhajar ta yanke kulawa, ko kuɗin gyara ya doshi rabin kuɗin wata mai kyau. In kuma buƙata ta riga ta zo, jiran da ya wuce wata guda ko biyu asara ce, sai fa in an riga an sa ranar fitowar sabuwar kana so farashin ta bara ya faɗo.

Yarinyar nan dai i5 ɗin mai ƙarce muka ɗauka, bayan na tabbatar RAM ɗinta na cirewa ne. Zubi na takwas yanzu shi ne ƙasan tsani, da kuɗin sun kai da na goma sha ɗaya na so mata. Mai shagon ya buɗe bayanta a gabanmu, ya hure ƙura har sai da muka kau da kai, ya ƙara RAM ya kai 16, ya sa sabon batir, yana ta mitar cewa mun bar dodo mun ɗauki ƴar tsana. Bayan salla sabuwar da aka ce za ta fito ta fito. Ta turo min hotonta da farashin a WhatsApp, ta rubuta a ƙasa: "Kawu, ashe kuɗin makarantata ne har in gama."